Sharhi: Kuɗin haya da mutanen da tsoro ya raba da gidajensu



Shekarun baya kaɗan, in ka tambayi mutumin Wagini nawa ake biyan hayar ɗaki, sai ya dube ka da mamaki. A ƙauyukan Batsari da Safana, baƙo saukar da shi ake yi. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo, mai gari ne ke sama masa shago ko ɗakin soro, abin da ke tsakaninsa da mai gida kuwa gaisuwa ce da goron Sallah. Yau mutanen ƙauyukan nan su ne ke bin dillalai a garin Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina suna cigiyar ɗaki ɗaya.

Kuɗin haya kan tashi a gari idan arziki ya shigo: an buɗe masana'anta, ko an kafa babbar makaranta. Dutsin-Ma ta ga irin wannan bayan kafa jami'ar tarayya a 2011, lokacin da ɗalibai da malamai suka cika gari, masu filaye suka shiga gina ɗakunan haya. Abin da ke faruwa a yammacin Katsina daban ne. Tsoro ne ya kawo masu neman ɗakin. Tun da ɓarayin daji suka mayar da dajin Rugu mafaka, kowane hari sai ya kwaso mutane ya zube su a gari. Kowa na tuna daren Fabrairun 2020 da aka shiga ƙauyukan Tsauwa da Dankar aka hallaka mutum kusan 30. Waɗanda suka tsira daga irin waɗannan hare-hare makarantun firamare suka fara sauka, ko gidajen dangi. To amma ɗan'uwa mai ɗaki biyu ba zai iya riƙe iyali goma har abada ba, makaranta kuma dole a buɗe ta. Daga nan sai haya.

A duba yadda cinikin yake. Mai gida na son kuɗin shekara gaba ɗaya, a hannu. Dillali na jiran la'adarsa, wani ma sai an biya shi kuɗin nuna gida, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Wanda ke tsaye gabansu kuwa manomi ne, mutumin da ba ya ganin kuɗi a dunƙule sai da kaka, shi ma idan ya samu ya yi noman. Shanun huɗarsa an kore su, ko ya sayar ya biya kuɗin fansa. Sai matarsa ta kwance 'yan kunnenta, a haɗa da akuyar da ta rage, a kama ɗaki guda. A ciki za a jera tabarmi, a kafa labule a tsakiya, buhun gero a lungu, 'yan mata da iyayensu wuri ɗaya, samari kuwa su kwana a barandar shago ko ƙofar masallaci. Magidancin da ke da rumbu uku da turaka da zaure a garinsu, yau shi ke bin layin banɗaki da gidaje biyar. Wata goma sha biyu na cika, sai a ce masa an yi ƙari, in ba zai iya ba akwai mai jira.

Ba za mu ɗora wa masu gidaje laifin duka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, komai na gini ya yi tsada. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024, kwano da rodi da katako duk suka bi sahu. Akwai gwauruwar da ɗakuna ukun da mijinta ya bari su ne abincin marayunta. Ita ma kasuwa ɗaya take shiga da kowa. Amma wanda ya ninka kuɗin tsohon ɗakin ƙasa da bai ƙara masa ko yaɓe ba, don kawai ya ga mutane ba su da zaɓi, wannan ya ci da wuyar bayin Allah ne, kuma bai kamata liman ko mai unguwa su yi shiru a kansa ba.

Akwai kuma asarar da ba a cika maganarta ba. Gidan ƙasa ba ya jure zama babu kowa. Damina biyu ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, azara ta ruɓe, soro ya rufta. Saboda haka ko da aka kafa rundunar tsaro ta Community Watch Corps a 2023, aka kuma yi zaman sulhu da ɓarayin daji a Batsari da Safana a 2025, wasu suka fara leƙa gonakinsu, da yawa sun tarar da kufai ne. Mutum na noma a ƙauye da rana, yana ci gaba da biyan haya a gari, don babu rufin da zai mayar da iyalinsa ƙarƙashi.

Jihar Legas tun 2011 ta yi dokar da ta taƙaita kuɗin da mai gida zai karɓa gaba. Mu ma Majalisar Dokokin Katsina na iya duba hakan. Kafin nan, Sarkin Ruma da sauran hakimai na da ikon tara dillalai a tsayar da la'ada guda da kowa ya sani, a kuma roƙi masu gidaje su karɓi kuɗi wata-wata ko su jira kaka. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa kuwa, idan za ta kai tallafi yankin nan, ta haɗa da bandir na kwano da katako ga duk wanda ya shirya komawa gida, kuma a raba kafin ruwa ya sauka.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu kwana nan.