Kafin Ki Tura, Tsaya Ki Tambaya

  

Yau ba maganar taro ko anko na zo da ita ba. Maganar tarkacen saƙonnin da suka cika mana wayoyi ce. Kin san su ai: "Gwamnati tana raba wa mata jari, danna nan ki cike fom." "Ana rabon data kyauta, tura wa mutum goma kafin ƙarfe sha biyu." Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, kunnen kowa yana kan kalmar tallafi, su kuwa 'yan damfara sun san da haka.

Ga ra'ayina kai tsaye: saƙon banza ba shi da ƙafa, mu ne ƙafafunsa. Wanda ya rubuta shi bai san hanyar Kwanar Dangora ba, kuma da shi ne ya turo da kansa, ba mai kula shi. Abin da ke sa baiwar Allah ta yarda shi ne ta ga daga wayarki ya fito. Ke ce shugabar mata ta mazaɓa, ko uwar adashi, ko wadda ake zuwa wajenta jin labarin abin da gwamnati take ciki. Sai ta ce, "Tunda Hajiya ce ta turo, gaskiya ne." Kin ga an ari mutuncinki an yi sata da shi, ke ba ki ma sani ba.

Bari in faɗa miki yadda tarkon yake. Kina danna shuɗin rubutun nan, sai fom ya buɗe yana neman sunanki, ranar haihuwa, lambar asusun banki, da BVN ko NIN. Bayan kwana biyu sai wani mai daɗin baki ya kira, ya ce daga bankinki ne, ya ambaci cikakken sunanki. Dole ki saki jiki, alhali ke kika ba shi sunan da hannunki. Sai ya ce za a rufe asusunki in ba ki karanto masa lambobin da suka shigo yanzu ba, ko na jikin katinki na ATM. Kina karantawa, sai alat na fitar kuɗi. Kuɗin adashin mata ashirin, ko jarin shinkafar da aka tara tun kaka, sun tafi.

Akwai kuma na sace WhatsApp. A kira ki a ce an sa sunanki a mitin ɗin da za a yi ta waya, an turo miki lambobi shida, ki karanto a yi miki rijista. Waɗannan lambobin su ne mukullin WhatsApp ɗinki. Da zarar kin bayar, ya shige da sunanki da hotonki, ya bi 'yan'uwanki ɗaya bayan ɗaya yana cewa kina asibiti, a taimaka da rance.

Na san wata za ta ce, "To ni da kyakkyawar niyya nake turawa, in gaskiya ne wata ta amfana, in ƙarya ne ba a rasa komai ba." Haba Yaya, ana rasawa mana. Wata tana rasa kuɗinta, kowa yana ƙona datarsa, sannan sanarwa ta gaskiya, ta ranar taro ko ta rijistar katin zaɓe ko ta rasuwa, tana nutsewa cikin shara har a neme ta a rasa. Mafi muni, ranar da kika kawo labarin tallafi na gaske, ba mai yarda da ke. A tuna MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, da CBEX a Afrilun 2025. Da yawa ba baƙo ne ya ja su ciki ba, na gida ne da shi ma ya ɗauka alheri yake yi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Su kansu masu WhatsApp sun gane turawa ce matsalar. Bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya a 2018, sun taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, suka faɗaɗa dokar ga duk duniya a Janairun 2019. A Afrilun 2020 suka ƙara matsewa: saƙon da ya sha yawo, mai alamar kibiya biyu a samansa, wuri ɗaya kawai za ki iya tura shi a lokaci guda. In kin ga kibiya biyun nan, ki san ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ki.

Ga abin da nake roƙon kowaccenmu:

1. Duk saƙon da ya ce ki tura wa mutum goma, ko ki yi sauri kafin a rufe, ki goge shi. Gaggawar ita ce alamar.

2. BVN, lambar sirri ta kati, da lambobin da ake turowa a waya, ba a karanta wa kowa. Banki ba ya tambayarsu ta waya. In kina shakka, kashe kiran ki je reshe da ƙafarki.

3. Adireshin hukumomin gwamnati a intanet yakan ƙare da .gov.ng. Ko kin ga haka, ki tambayi shugabar mazaɓarki ko sakatariyar ƙaramar hukuma kafin ki cike komai. Wanda ya ce ki biya kuɗi kafin a ba ki tallafi, ki guje shi.

4. Ki sa wa WhatsApp ɗinki mukulli na biyu, wato lambar sirri shida da ke kaɗai kika sani. Yana cikin saitin asusu. In yaro zai nuna miki wurin, ke za ki danna lambobin da kanki.

5. Tallace-tallacen da kamfanin layi ke damunki da su kuwa, tura STOP zuwa 2442, tsarin da hukumar sadarwa ta NCC ta kawo tun 2016. In ba su daina ba, kira 622 kyauta ki kai ƙara. Amma fa wannan ba ya tare ɗan damfara. Shi toshe lambarsa za ki yi.

6. Ki tambayi bankinki lambar rufe asusu ta gaggawa, ki rubuta a takarda ki adana, saboda ranar ɓatan waya.

In kuma wata ta ce miki abin da kika turo na ƙarya ne, ko da 'yar cikinki ce, kar ki ɗauka raini. Rufa miki asiri ta yi. Ki goge, ki sanar da waɗanda kika tura wa. Wadda aka riga aka cuta, kar mu yi mata dariya. Kunya ce ke sa mata yin shiru har a cuci ta gaba. A raka ta banki a ranar, a kai rahoto wajen 'yan sanda.

Wannan saƙon ban ce ki tura wa mutum goma ba. Ki karanta wa maƙwabciyarki da ba ta iya karatu ba, ki yi mata bayani baki da baki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu da ɗan abin hannunmu.