Ƙurar da Ta Gina Garin Barre

Barre ƙaramin gari ne a jihar Vermont ta Amurka, amma duwatsun kan kabari da mutum-mutumin da aka sassaƙa a cikinsa sun bazu ko'ina a ƙasar. Arzikinsa dutsen giranit ne mai ruwan toka. Da can shanu ke jan dutsen daga mahaƙa, har jirgin ƙasa ya iso a 1875. Daga nan garin ya bunƙasa: mutanensa kimanin 2,000 ne a 1880, amma zuwa 1890 sun haura 6,000. Mafasa dutse suka kwararo daga Aberdeen ta Sikotilan, gwanayen sassaƙa kuma daga arewacin Italiya.

Wannan shi ne tarihin da ake alfahari da shi, kuma ya cancanta. Sai dai ba shi ne cikakken labarin ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka shigo da na'urorin sassaƙa masu aiki da ƙarfin iska. Aiki ya yi sauri, ƙura kuma ta yawaita. Tsananin sanyin Vermont ya sa ake rufe rumfunan aiki ruf, ma'aikata na shaƙar garin dutse yini guda. Garin yakan zauna a huhu ya taurara shi, ya haifar da cutar silikosis, wadda ke buɗe wa tarin fuka ƙofa. Da yawa ba su kai shekara hamsin ba.

Maganin ba wani sirri ba ne: na'urar da za ta zuƙe ƙurar tun daga bakin aiki. Amma sai a ƙarshen shekarun 1930, bayan matsin ƙungiyoyin ƙwadago, aka kafa ta a rumfunan. Cutar ta ragu ƙwarai a cikin waɗanda suka shiga sana'ar daga baya. Ashe mutuwar ba dolen sana'ar ba ce, jinkirin kashe kuɗi ne.

A maƙabartar Hope akwai kabarin Louis Brusa, masassaƙin da cutar ta kashe a 1937. An sassaƙa a kansa wani mutum yana gargara, wata mace na tallafe da shi. Wannan dutse ya fi kowane faɗar gaskiyar garin.

Giranit ɗaya ne, ko a Vermont ko a Mpape kusa da Abuja, ƙurarsa ma ɗaya ce. Duk wanda zai lissafa ribar fasa dutse, wajibi ne ya sa huhun mai fasa shi a cikin lissafin.