TAKABA TA ƘARE AMMA JIKI BAI SANI BA

Da farko ina neman afuwar masu bibiyar labarin da nake kawo muku, domin wannan makon ba ci gabansa na zo da shi ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na san wasu za su ji haushina a kanta, wasu ma su ce mutuwar miji ta taɓa mini ƙwaƙwalwa. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na fi shekara ashirin ina rubuta littattafan soyayya, kuma Allah kaɗai ya san yawan mazajen da na kashe da birona. Duk kun san yadda muke yi. Miji ya yi haɗarin mota a hanyar Kaduna, a zo a faɗa wa jarumar labari, ta yanke jiki ta faɗi sumammiya, a yayyafa mata ruwa, a kwashe ta sai asibiti, a ɗaura mata ƙarin ruwa, likita ya cire tabarau ya ce jininta ya hau, in ba a yi hankali ba zuciyarta za ta kumbura. Kafin a kai tsakiyar littafi na biyu wani Alhaji ya ɓullo da galleliyar mota, ko ma shi likitan da kansa ya faɗa tarkon sonta, shi ke nan baƙin ciki ya wuce kamar an yi ruwa an ɗauke. Haka na riƙa rubutawa, kuna saye kuna kuka, ni kuma ina ganin na ƙware. Ashe ban san komai ba.

A watan Agusta na 2021 aka kawo mini gawar maigidana, ranar Talata da yamma, ya taso daga kasuwar Mafara zai leƙa mahaifiyarsa a ƙasar Maradun, 'yan bindiga suka tare hanya. Ban suma ba. Ban ma yi kuka ba a ranar, ni ce na riƙa nuna wa mata inda tabarmi suke. Wanda yake wannan yanki a shekarar ya san halin da ake ciki: a Fabrairu an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Agustan an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura an tafi da ɗalibai da ma'aikata, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi yara 73 a makarantar Kaya. Kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, ga kasuwannin mako a rufe. Ke nan na shiga takaba a lokacin da ko muryar ƙanwata da ke aure a Zariya ba na iya ji. Kuma wa za ki kai wa kukanki, alhali kowane gida da nasa makokin?

Takaba umarnin Allah ce, wata huɗu da kwana goma, ban da ja a kan wannan, kuma na ga hikimarta. Inda nake da magana shi ne ƙarin gishirin da muka yi mata. A wasu gidaje sai ka ga an mayar da mai takaba kamar fursuna, ta zauna a ƙuryar ɗaki kan tabarma ɗaya, kada ta yi magana da ƙarfi, kada ta yi wanka sai Juma'a, har da masu ba ta 'yar wuƙa ta riƙe. Malamai sun sha faɗa cewa abin da aka hana ta shi ne ado da turare da aure da fitar da ba ta zama dole ba, amma al'ada ta fi wa'azi ƙarfi a tsakar gida. Ni ba a ba ni wuƙa ba, amma na zauna. Na zauna har ƙafafuna suka kumbura, kafaɗuna suka ƙage kamar an ɗora mini buhun shinkafa, barci kuwa in na samu na awa biyu na gode Allah. Numfashina a maƙogwaro yake tsayawa. Ko ƙarar babur na ji a waje sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku.

Ranar da na fita takaba aka yi mini kitso da lalle, aka yi sadaka, mata suna cewa "to Hajiya an fita lafiya, sai Allah Ya kawo na gari." Su a lissafinsu an gama. Jikina kuwa ba ya ƙirga kwanaki. In na ce kaina na ciwo sai a ce in yi haƙuri, in aka ga hawaye sai a ce ina tawakkalin? Na sha rubutu, na sha maganin barci na kemis, ina kuma tashi tsakar dare ina kai wa Ubangiji kukana. Zuciyata ta yarda da ƙaddara tun ranar farko, wallahi ta yarda, amma kafaɗun nan sun ƙi sauka.

Ɗiyar yayana ce, wadda ta yi karatun aikin jinya a Indiya, ta zo mini kwana biyu bayan ƙaramar sallar 2022. Da asuba ta same ni zaune na haɗa kai da gwiwa, sai ta ce, "Gwaggo, tashi ki kwanta rigingine a kan tabarmar nan, ki ɗora hannu a cikinki." Na ce ke bar ni da shirmenki. Ta ce, "Don Allah Gwaggo, minti biyar kawai." Ta sa na ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu har cikina ya ɗaga hannun, in sake shi a hankali ina ƙirga shida. Daga nan ta sa na durƙusa bisa hannu da gwiwa, in gantsare in lanƙwasa baya kamar kyanwa ta tashi daga barci, sannan in zauna kan dugadugai in miƙa hannuwa gaba in kwantar da ƙirji. A nan ne kukan da ban yi ba ranar da aka kawo gawa ya ɓalle mini, irin kukan da yara ke yi har da shessheƙa. Ta bar ni na yi mai isata. A daren ranar na yi barci har sai da kiran assalatu ya tashe ni. Da na tambaye ta wannan wane irin magani ne, sai ta yi dariya ta ce, "Yoga ke nan kika yi, Gwaggo."

Gabana ya faɗi. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san mutumin nan mai gemu da yake naɗe ƙafafu gaban gunki ya rufe ido. Na ce ashe shirka kika sa ni? Sai da na yi kwanaki ban sake ba, na shiga bincike da tambaya.

Ga abin da na fahimta. Yoga daga Indiya ta fito, kuma asalinta a cakuɗe yake da addinin Hindu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Akwai kalmomin bauta da suke maimaitawa, akwai wani jerin motsi da sunansa ma gaisuwa ga rana. Musulmi ba shi da hurumi a nan. To amma abin da ya bazu a duniya yau, wanda asibitoci ke koya wa masu ciwon baya da masu fargaba, mafi yawansa miƙe gaɓoɓi ne da sarrafa numfashi. A Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya. Kuma ba mu ne Musulmin farko da abin ya ɗaure wa kai ba. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin ta saboda abubuwan bautar da ke ciki. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe, ta haramta mai ɗauke da bauta, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 kuma Saudiyya ta amince da ita a jerin wasannin motsa jiki. Ni ba malama ba ce, iyakata sakandare da Islamiyya, amma fahimtar malaman Indonesiya ita ta kwanta mini: a zubar da tsakuwa a ɗauki shinkafa. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta tambayi malaminta, wadda kuma sunan ne ke damunta ta kira shi miƙa, ba ruwan jiki da suna.

Sai dai akwai wata magana da nake ji a bakin wasu 'yan boko wadda ba na so, wai ai salla ma yoga ce, ga ruku'u ga sujada. A'a. Salla ibada ce, ba don bayanmu ya warke muke yin ta ba, ko da kuwa yana warkewa. Kada garin kare abu mu rage wa salla daraja. Ni dai shaidar da zan bayar ita ce, tun da kafaɗuna suka saki na fi samun natsuwa a sallata, domin a da ina tsaye ne kawai hankalina yana kan hanyar Maradun.

Wadda ta ƙarasa gamsar da ni kuwa ba ta taɓa jin kalmar yoga ba. Surukata ce, wadda muka ɗauko daga ƙauye ta dawo wurina bayan rasuwar ɗanta. Wata safiya ta leƙo ta gan ni a durƙushe, ta ce, "Ke ɗiyata, mi kika yi nan ƙasa kamar mussa?" Da na yi mata bayani sai ta yi shiru, can ta ce su ma sun ga tashin hankali. Tana amarya ruwan dam ɗin Bakalori ya cinye musu gonaki, sannan a 1980 da manoma suka tashi neman diyya aka turo 'yan sanda aka rasa rayuka, har da wani ɗan'uwanta. Ta ce, "Amma mu ba mu zauna ba. Turmi munka ba haushinmu." Surfe, daka, niƙa a dutse, ɗiban ruwa a gulbi, itace a daji, tana yi tana hawaye, dare na yi jiki ya gaji barci ya sace ta.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Jama'a ku duba, injin niƙa ya karɓe dutse, injin casa ya karɓe turmi, wannan ci gaba ne ban ƙi ba. Daji da gona da hanyar gulbi kuma 'yan bindiga sun karɓe. Macen da aka kashe wa miji a Bakura ko Maradun ko ƙauyukan Mafara yau, ta gudo gari ta rakuɓe a ɗaki ɗaya na 'yan'uwa ko a kangon gini, ina za ta kai abin da ke ƙirjinta? Ba za ta fita gudu a titi ba, a ce ta haukace. Abin da ya rage mata shi ne faɗin tabarma ɗaya, a bayan labule, ba kuɗi ba kayan aiki. Dalilin da ya sa nake ganin wannan miƙa ta dace da mu ke nan, fiye ma da matan Abuja da ke biyan kuɗi su je koyo.

Kuma addininmu bai taɓa cewa baƙin ciki a zuciya kaɗai yake tsayawa ba. Annabi Yakubu idanunsa ne suka yi fari saboda rashin Yusufa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani kunun sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa mutuwa, domin ta ji daga gare shi cewa yana rage baƙin ciki. In har kunu zai shiga ciki ya taɓa zuciya, me zai hana numfashi? Ɗiyar yayana ta ce mini sakin numfashi a hankali yana rage gudun bugun zuciya, shi ya sa ake tsawaita fitarsa fiye da shigarsa. Ta kuma ba ni dariya da ta ce ciwon zuciyar da muke ɗora wa jarumanmu ba ƙarya ce zalla ba, tun 1990 likitocin Japan suka bayyana wani ciwo da mummunan labari ke raunana tsokar zuciya farat ɗaya, kuma ya fi kama mata masu shekaru. Ashe mun yi daidai a cutar, a maganin ne muka yi ƙarya.

Kada kuma a ɗauka na ce tabarma tana maganin komai. Matar da 'ya'yanta suka kwana da yunwa hatsi take buƙata kafin numfashi, kuma babu miƙar da za ta buɗe hanyar gona, wannan haƙƙi ne a wuyan masu mulki. Sannan akwai baƙin cikin da ya zama cuta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, wato wanda ya haura wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Wadda ta daina cin abinci, ko take jin gara ta bi mijin, a kai ta ga likita, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Kware, zuwa can ba hauka ba ne. Mai juna biyu da mai hawan jini su ma su tambayi ma'aikatan lafiya kafin su fara lanƙwasa jiki.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau shi ne, a farko ina tsoron in warke. Gani nake ciwon kafaɗar nan shi ne abin da ya rage mini na maigidana, in ya tafi kamar na ci amanar shekara ashirin da biyu. Sai ga shi da barci ya dawo ne ma na fara mafarkinsa, na fara tuna dariyarsa da yadda yake tsokanata da "marubuciya, yau wa aka kashe?" A da ba na tuna komai sai fuskarsa a cikin likkafani.

Yanzu duk ranar Alhamis bayan la'asar mu shida ne a tsakar gidana, dukkanmu zawarawan wannan masifa, mu tura yara waje mu sakaya ƙofa. Muna farawa da bisimilla, mu ƙare da addu'a ga mazajenmu. Inna ba ta durƙusawa saboda gwiwa, tana kan kujera 'yar tsugune tana ƙirga mana numfashi da carbinta, in wata ta fashe da kuka ta ce a ƙyale ta.

Labarinmu kuwa zai ci gaba mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Na yage babin da na riga na rubuta, wanda jarumar ta suma a cikinsa, ina sake shi, don haka masu jiran zuwan Alhaji sai ku ƙara haƙuri. Wassalam.