Na'urar Auna Danshin Ƙasa Ba Ta Amfani Sai An Daidaita Ta a Gona

Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa mudun wani gari ba lallai ne ya yi daidai da na wani ba, shi ya sa mai hankali kan gwada mudu kafin ya biya kuɗin hatsi. Irin wannan taka-tsantsan ya kamata a yi wa na'urorin auna danshin ƙasa da ake kafawa a gonakin noman rani. Lambar da na'ura ta nuna ba hujja ba ce, har sai an gwada ta da ƙasar da aka binne ta a ciki.

Dalili kuwa shi ne yawancin na'urorin nan ba ruwa suke aunawa kai tsaye ba. Sigina ce ta lantarki suke turawa cikin ƙasa, su auna yadda ƙasar ke riƙe cajin lantarki. A wannan ma'auni iska tana da 1, ƙwayoyin ƙasa busassu 3 zuwa 5, ruwa kuwa kusan 80. Saboda wannan tazara, ruwa kaɗan kan sauya sakamako ƙwarai. Daga nan sai na'urar ta yi amfani da wani lissafi ta mayar da siginar zuwa kason ruwa cikin ɗari. Mafi shahara cikin irin wannan lissafi shi ne wanda Topp da abokan aikinsa suka fitar a Kanada a shekarar 1980.

To, amma ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Rairayin jigawa daban, lakar fadama daban, haka kuma baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi mai tsagewa da rani. Yumɓu kan ƙanƙame wani sashe na ruwa. Gishiri, ko na kanwa ne ko na takin zamani, kan ruɗi na'urori masu araha su nuna danshin da babu shi. Zafin rana kan taɓa sakamako, kuma ɗan gurbin iska tsakanin na'ura da ƙasa kan sa a ga kamar gona ta bushe alhali tana da laima.

Illar wannan kuskure a kan manomi take faɗawa. Idan na'ura ta ƙara, sai a jinkirta ban-ruwa, alkama ko tumatir su yi yaushi lokacin fure. Idan ta rage, sai a malala ruwa fiye da kima, a ƙona man injin ban-ruwa a banza, taki ya zurare ƙasa da saiwa. A manyan filayen ban-ruwa irin na Kadawa, da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, yawan ruwa kan jawo jiƙewar ƙasa da taruwar gishiri.

Hanyar daidaitawa ba ta fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. A karanta abin da na'ura ta nuna, sannan a ɗebi ƙasa kusa da ita, a zurfi ɗaya, da zoben ƙarfe mai faɗin ciki da aka sani, misali santimita kubik 100. A rufe ta da sauri, a auna a sikeli, a busar a tandar ɗakin gwaji a zafin digiri 105 na tsawon awa 24, a sake aunawa. Alal misali, in jiƙaƙƙiya ta kai giram 165, busasshiya 145, to ruwan giram 20 ne, wato kashi 20 cikin ɗari, tunda giram ɗaya na ruwa kan cika santimita kubik ɗaya. A maimaita haka sau biyar ko shida, tun daga ranar ban-ruwa har ƙasa ta bushe, sannan a zana sakamakon biyu a takardar girafi. Layin da ya fito shi ne mudun gaskiya na wannan gona.

Wasu kan ce aikin yana cin lokaci, tanda da wutar lantarki kuma ba ko'ina ake samunsu ba, alhali masana'anta sun riga sun daidaita kayansu. Gaskiya ne lissafin masana'anta kan yi kusa a ƙasa mai matsakaicin yanayi. Sai dai ko da lambar ta yi daidai, ma'anarta ta dogara ga irin ƙasa: kashi 20 a rairayi danshi ne mai yawa, a laka kuwa shuka ta kusa yaushi. Aikin makonni kaɗan kuma kan amfani gona muddin ƙasarta ba ta sauya ba.

Saboda haka ya dace malaman kimiyyar noma su mai da wannan gwaji darasi a gonar makaranta, jami'o'i da kwalejojin noma kuma su buɗe wa makarantun da ke kusa ɗakunan gwajinsu. Duk hukumar da za ta raba wa manoma na'urori ta sa kuɗin daidaitawa cikin kasafinta tun farko. Ɗalibin da ya taɓa kama na'ura da kuskure ta hanyar sikeli da tanda ya koyi ginshiƙin kimiyya: a gwada ma'auni kafin a amince da awo.