A Tsara Wa 'Yan Aji Ɗaya Wuninsu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari wanda a ido ƙarami ne, alhali kuwa a kansa tarbiyyar yaro take tsayuwa, wato yadda ake tafiyar da wunin 'yan aji ɗaya a makarantun firamare na ƙasar Ɗambatta.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban alaramma ya san makarantar allo ba ta da ƙararrawa, ba ta da jadawali manne a bango, amma duk da haka ƙolo ɗan shekara biyar ya san abin da ke gabansa tun daga asuba: ya ɗauko allonsa inda ya jingine shi jiya, ya yi tishe, ya biya wa malam, in ya iya a ce ya wanke, ya shanya a rana, a rubuta masa sabo, da hantsi a tashi, bayan azahar a komo, Alhamis da Juma'a a huta. Kada wani ya ce aikin bulala ne, domin ita bulalar ai akwai ta a boko ma. Hikimar malaman nan ita ce sun ɗaura karatu a kan lokutan salla, waɗanda ba su sauyawa don son ran kowa, har nizamin ya zauna a zukatan yara ya zama ɗabi'a.

Tun da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a 1976, aka kuma mai da ilimi kyauta kuma tilas a Jihar Kano a 2019, azuzuwanmu sun cika maƙil, kuma wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai yaron da ya taho da sassafe ta tsakanin gonakin gero, raɓa ta jiƙa masa wando, in ya tarar yau an fara da lissafi, gobe da waƙa, jibi kuwa malam bai shigo ba sai rana ta take, lalle ba zai natsu ba, kuma zalunci ne a kira shi maras ji, tun da ba a taɓa nuna masa abin da ke bin wani ba.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. A yi shara, a yi taron safe da addu'a, a kira suna, sannan a maimaita darasin jiya kafin a ɗora sabo, shi ma gajere, gwargwadon hankalin yara. A fita tara a lokaci guda kullum, a ajiye buta a bakin ƙofa kowa ya wanke hannu kafin ya ci abin da ya zo da shi. Maimaicin nan shi na fi jaddadawa, domin shi ne tishen da boko ta yi watsi da shi.

Ina kira ga hedimastoci da malaman aji ɗaya su zauna su tsayar da tsari guda, su riƙe shi zango bayan zango, iyaye kuma su saki yara daga ɗiban ruwa da talla kafin ƙarfe takwas, ko da damina ce.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Ɗambatta, Jihar Kano.