Kuɗin Gadi da na Shara: A Bar 'Yan Kasuwar Lafia Su Kaɗa Ƙuri'a

Duk mai shago a titin Jos ko titin Makurdi a nan Lafia ya san yaron da ke zagayowa da ɗan littafi a ƙarshen wata: "Alhaji, kuɗin gadi." Wani ya ba da, wani ya ce a dawo jibi, wani ya kau da kai, alhali maigadin nan layin gaba ɗaya yake tsarewa. Damina ta sauka, kwata ta toshe, ruwa kuwa bai tambayi wanda ya biya ba kafin ya shiga shago.

Irin wannan ciwon kai ne ya ishi 'yan kasuwar unguwar Bloor West a Toronto ta ƙasar Kanada. Manyan kantuna na janye musu masu ciniki, karo-karon gyaran unguwa kuma 'yan tsiraru ke yi. Sai suka nemi dokar da za ta wajabta wa kowane mai shago a yankin wani ɗan kaso, hukuma ta karɓa tare da haraji, ta miƙa wa kwamitin 'yan kasuwar su kashe a titinsu. A 1970 aka kafa yankin haɓaka kasuwanci na farko a can, wanda Turawa ke taƙaitawa da BID.

Tsarin Ingila ya fi burge ni. Dokarsu ta 2003 ta ce ba a ɗora wa kowa kwabo sai an yi zaɓe, kuma sai an sami rinjaye biyu: na yawan waɗanda suka kaɗa ƙuri'a, da na darajar shagunansu. Da haka manya ba sa danne ƙanana, ƙanana ba sa yanke wa manya kuɗi son ransu. Wa'adi ba ya wuce shekara 5. In mutane ba su gani a ƙasa ba, su ƙi sabuntawa. Garin Kingston ne ya fara a 2005.

Za a ce ai muna da ƙungiyoyi, muna da sarkin kasuwa, mun san adashi tun kafin a haifi jihar nan a 1996. Gaskiya ne, kuma ba na raina su. Sai dai yaushe rabon da a tara mutanen layi a karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita? Wanda bai ga lissafi ba, ba ka da bakin zarginsa in ya riƙe aljihunsa.

Abu biyu nake tsoro. Na farko, kada gwamnati ta ga 'yan kasuwa sun ɗauki masu shara, sun sa fitilun sola, ta janye hannunta, tana ci gaba da yankar rasit. A rubuta aikin da ke wuyanta tun farko, kuɗin 'yan kasuwa ya zama ƙari a kai. Na biyu ya fi damuna. A Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda aka kafa irin wannan yanki a tsakiyar birni a 2000, tituna sun yi tsaf, amma an sha kukan cewa masu gadi na takura wa marasa galihu. A Lafia, matar da ke kasa agushi da riɗi a bakin kwata da mai turin baro da doya su ne ke jawo jama'a zuwa ƙofar mai kanti; tsorona kada masu gadi su kore su.

Don haka a gwada a layi ɗaya na Kasuwar Zamani ta Lafia, na shekara 2, a manna lissafi a bango duk wata, mai tebur ta biya daidai ƙarfinta, kuma a ƙirga ƙuri'arta.