Kuɗin Yaji: Shin Ya Dace a Biya Mahaɗi Daban?

Gabatarwa

A garuruwanmu na yau ba kowane abinci ake ci a inda aka dafa shi ba. Ma'aikaci kan biya wurin mai tsire da yamma a ƙunshe masa nama ya kai wa iyali. Ɗalibi kan sayi ƙosai ko awara a bakin ƙofar makaranta ya wuce ɗakin kwana. Matafiyi kuwa kan karɓi shinkafa a roba ya faɗa mota. Tun kaka da kakanni akwai abubuwan da kan rako irin wannan abinci ba tare da an ambaci kuɗinsu ba, kamar yaji da albasa da tumatir da ɗan mai da ludayin miya. Su ne Bahaushe ke kira mahaɗi. To, a 'yan shekarun nan an fara samun masu sayar da abinci, musamman a manyan birane, da ke yanka wa mahaɗi kuɗinsa daban. Sai an gama ciniki an ƙunshe, sannan a ce wa mutum akwai kuɗin albasa, ko kuɗin miya, ko kuɗin roba.

Wannan maƙala za ta auna hujjojin ɓangarorin biyu. Ra'ayin da za ta kare shi ne, mahaɗin da al'ada ta san abinci da shi yana cikin kuɗin abincin, don haka bai dace a biya shi sau biyu ba. Abin da ya haura wannan kuwa ƙari ne, kuma mai kaya yana da ikon sa masa kuɗi, muddin ya sanar kafin a ƙulla ciniki.

Mahaɗi da Gyara a Cinikin Bahaushe

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a bambance abubuwa biyu da sau da yawa ake cakuɗa su, wato mahaɗi da gyara. Gyara ita ce ɗan abin da mai kaya kan ɗora bayan ya cika awo. Mai ƙosai takan jefa ƙwaya ɗaya ko biyu, mai hatsi kan ƙara tafi guda a kan mudu, mai nono kuma takan ƙara ludayi. Gyara kyauta ce. In an ba ka ka gode, in an hana ka ba a ci haƙƙinka ba, iyakaci a ce mai kayan yana da rowa.

Mahaɗi ba haka yake ba, domin yawancin abincinmu na kan hanya ba ya amsa sunansa sai da shi. Garau-garau shinkafa da wake ce da mai da yaji. In aka cire man da yajin, abin da ya rage ba shi mai saye ya nema ba. Haka ɗanwake, haka gurasa da ƙuli, haka masa da miyarta. Tsire ma tun kafin ya hau wuta ake turbuɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, sannan in an yanka a barbaɗa masa wani yajin a sa albasa. Ke nan wanda ya ce a ba shi tsire ya riga ya ambaci yaji a cikin maganarsa, ko da bai furta sunansa ba. Kuɗin da ya miƙa na nama ne da yaji da albasa da wuta da wahalar mai gashi gaba ɗaya. Mahaɗi bai taɓa zama kyauta ba. An dai saba dunƙule kuɗinsa ne cikin farashin abinci.

Hujjar Masu Sayarwa

Adalci ne a saurari masu sayar da abinci, domin kukansu ba na banza ba ne. Hujjarsu ta farko ita ce tsadar cefane. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a Kano da Abuja cikin 'yan kwanaki. Albasar da ake ɗaukowa daga Aleiru a Jihar Kebbi, ko daga Galmi a Jamhuriyar Nijar, a mota take zuwa, don haka kuɗin mota yana cikin kowane buhu. A tsakiyar shekarar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

Bugu da ƙari, kayan mahaɗi suna da nasu bala'o'in na musamman. A shekarar 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a jihohin Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A shekarar 2023 kuma wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kaciya da Kagarko da Jaba, yankin da ya fi ko'ina noman citta a Nijeriya, farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Citta kuwa tana cikin ginshiƙan yaji, tare da barkono da masoro da kanumfari da ƙuli-ƙuli. Abin da a da ake ɗauka ba a bakin komai yake ba, yanzu ya zama wani kaso na jarin mai sana'a.

Hujja ta biyu ita ce halin wasu masu saye. Akwai wanda zai sayi nama na naira 500 ya ce a ƙunshe masa yajin da zai ishe shi cin ɗumame na mako guda. Akwai wanda zai sayi masa uku ya zo da kwanon da zai ci miyar mutum biyar. Da yayyafi kogi kan cika. In mutum hamsin suka yi haka a rana, ribar mai sana'a ta bi ruwa. Hujja ta uku kuwa ta fi sauran ƙarfi. Sukan ce ba kowa ke cin yaji ba. Mai gyambon ciki ba ya so, wani kuma albasa ce ba ta yi masa. Don me za a ɗora wa wanda bai ci ba kuɗin abin da wani ya ci? In kowa ya biya gwargwadon abin da ya ɗauka, ai an fi kusa da adalci.

Inda Hujjar Ta Gaza

Babu mai musun cewa cefane ya yi tsada. Amma tsadar cefane hujja ce ta ƙara farashin abinci, kuma wannan ƙofa a buɗe take ga kowane mai sana'a. Nama ya tashi, gawayi ya tashi, hayar rumfa ta tashi, amma ba mu taɓa jin mai tsire ya ce a kawo kuɗin gawayi ba. Ya dai lissafa su duka ya fitar da farashi guda. Babu dalilin da zai sa a ware yaji daga wannan lissafi.

Hasali ma, tsarin cinikinmu ya riga ya ba mai kaya hanyar fanshe kuɗinsa. A wurin mai balangu ko mai awara, mai saye ne ke faɗin kuɗi, mai kaya kuma ya ƙayyade yawa. Ka ce a ba ka na naira 1,000, shi kuma ya yanko abin da ya san ba zai faɗi ba, a gaban idonka. In ka ga ya yi kaɗan ka yi magana, ko ka ƙara gaba. A ƙaddara, alal misali, mai tsire yana kashe naira 5,000 kan yaji da albasa a dare guda, yana kuma sallamar mutum 100. Abin da ya faɗa kan kowane mutum naira 50 ne, wanda zai iya fitarwa daga yankan naman ba tare da wani ce-ce-ku-ce ba. Wanda ya rage yanka saboda tsada, sannan ya sake neman kuɗin yaji, ya ci riba biyu a kan abu guda.

Wannan lissafi shi ne kuma amsar hujja ta uku. Gaskiya ne wanda ba ya cin yaji ya biya ɗan abin da bai ci ba, amma abin bai taka kara ya karya ba, kuma al'ada ta tanadar masa mafita: yakan ce a bar yajin a ƙara masa tsoka, a kuma ƙara. Wannan ɗan sassauci tsakanin mai kaya da abokin cinikinsa ya fi dogon lissafin da zai mai da kowane tsinken nama abin jayayya.

Babban aibin kuɗin mahaɗi shi ne lokacin da ake ambatonsa. Galibi ba a faɗa sai an riga an zuba an ƙulle. A lokacin nan mai saye ba shi da sauran zaɓi, domin kunya ba za ta bar shi ya ce a juye ba, ga mutane suna kallo. Wanda ya biya saboda kunya bai yarda ba, an dai fi ƙarfinsa ne. Malaman fiƙihu sun sanya sanin kaya da sanin farashinsa cikin sharuɗɗan ingancin ciniki. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta wajabta wa mai kaya ya bayyana farashin abin da ya baje, ta kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya bayyana. Gidan abincin da ya rubuta farashi a allo, sannan ya ɗora wani kuɗi a wurin biya, ya saɓa wa wannan ƙa'ida.

Har ila yau, a duba waɗanda abin ya fi ƙuntata wa. Mai hali ba ya ko jin naira 100. Wanda ke ji shi ne ɗalibin da ya kasa kuɗin guzurinsa kwana-kwana zuwa ƙarshen wata, da leburan da ya ware na abinci ya ware na mota, da yaron da aka aika da kuɗi ƙididdigaggu. Yaron nan ko dai ya koma gida da abinci gaya, ko ya koma da labarin da ba lallai a yarda da shi ba. Shi kansa mai sana'ar ba ya tsira. Abincin kan hanya ciniki ne na yau da gobe, jarinsa na gaskiya shi ne mutanen da ke dawowa. Wanda ya ji an yi masa wayo ba zai yi faɗa ba, gobe dai zai tsallaka wurin na gaba.

Inda Ƙarin Kuɗi Ya Halatta

Duk da haka, ba kowane ƙarin kuɗi ne zalunci ba. Wanda ya nemi ƙunshin yaji na musamman don ya kai gida, kaya ya saya, ya kamata ya biya, kamar yadda ake sayen yaji a kwalba a kasuwa. Wanda ya nemi a daɗa masa ƙwai ko kabeji da mayonis, waɗanda ba a san asalin abincin da su ba, shi ma haka. Wannan rarrabewa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Ingila, masu sayar da soyayyen kifi da dankali sukan barbaɗa gishiri da ruwan tsami ba tare da ƙarin kuɗi ba, domin da su aka san abincin, amma da yawansu suna karɓar kuɗi a kan ɗan ƙunshin miyar tumatir ta kamfani. Ma'aunin dai guda ne: abin da al'ada ta haɗa da abinci yana cikin farashi, abin da mutum ya ƙara don son ransa yana kansa.

Batun roba ma yana da fuska. Mazubin da ake zuba abincin tafi-da-gidanka saye ake yi, kuma wanda ya zauna ya ci a faranti bai amfana da shi ba. Daɗin daɗawa, robobin nan su ke toshe magudanan ruwa a birane, abin da ya sa Jihar Legas ta haramta mazubin soso a watan Janairun 2024. Idan kuɗin roba zai sa mutane su koma zuwa da kwanonsu daga gida, kamar yadda ake aiken yara sayen koko da tuwo a unguwanni, to alheri ne. Sharaɗin kawai shi ne a faɗi kuɗin tun farko, kuma a karɓi kwanon wanda ya zo da nasa. Mai abincin da ya ƙi zubawa a kwanon mutum, ya kuma tilasta masa sayen roba, ya fita daga wannan uzuri.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mai sana'a yana da haƙƙin ya fanshe kuɗinsa ya kuma ci riba, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai saye shi ma yana da haƙƙin ya san abin da zai biya kafin ya miƙa hannu. Haƙƙoƙin nan biyu ba sa karo da juna. Mai abinci ya dunƙule kuɗin mahaɗin al'ada cikin farashinsa, ya ƙayyade ma'auninsa, ko cokali guda ko ludayi guda, sannan ya rubuta ko ya faɗi kuɗin duk abin da ya wuce haka. Shugabannin sana'a, irin su sarakunan pawa da ƙungiyoyin masu abinci a kasuwanni da harabar makarantu, za su iya tsayar da wannan a matsayin ƙa'ida tsakanin 'ya'yansu. Masu saye kuma su rage kwaɗayi, su daina mai da yajin mai tsire cefanen gidansu, su kuma saba da tambayar farashi kafin a ƙunshe. In kowa ya tsaya a kan nasa, za a ci gaba da sayen tsire da yajinsa a farashi guda, kamar yadda aka gada.